Gargaɗi ga mutanen Zamfara kan masu tallar yawon jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Legas

Jama'a, a yi hattara da wata talla da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook, wadda ake cewa an shirya yawon buɗe ido ta jirgin ƙasa: a tashi daga Gusau, a yada zango a Kaduna, a kwana biyu a Abuja, a biya ta Ibadan, a ƙare a Legas, duk da tikiti ɗaya, har da masauki da abinci. Ana haɗa ta da hotunan taragu masu sanyi da kujeru masu laushi, sannan a ce gurbi ya kusa cika, mai so ya tura rabin kuɗi kafin alƙalami. Damfara ce. Abin da suke sayarwa babu shi a ƙasar nan, kuma wanda ya san yadda layukan dogo suke ba sai an rantse masa ba.

Ga yadda abin yake. Layin da ya ratsa Zamfara shi ne tsohon ƙaramin layi na zamanin Turawa, wanda ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929. Taragun da ke cikin hotunan nan ba za su iya hawansa ba, domin faɗin dogon ba ɗaya ba ne. Na sabon layi ne mai faɗi, kuma sababbin layukan fasinja masu dogon zango uku ne: Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, da aka buɗe a 2016; Itakpe zuwa Warri a 2020; sai Legas zuwa Ibadan a 2021. Ukun nan ba su haɗu da juna ba. Jirgin da ya taso daga Rigasa a Kaduna, Idu ce ƙarshen tafiyarsa a Abuja. Wanda ya taso daga Ebute Metta a Legas kuwa, Moniya ta Ibadan ce iyakarsa. Tsakanin Idu da Moniya mota ce ko jirgin sama. To ta ina tikiti ɗaya zai ɗauki mutum daga Gusau har bakin teku? 'Yan uwanmu na Kebbi da aka fara tura wa irin tallar su ma su sani, dogo bai ma shiga jiharsu ba.

Abu na biyu shi ne tikitin kansa. Tikitin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya na zango ɗaya ne, da rana ɗaya, da kujera ɗaya, da sunan mutum ɗaya. Tun da aka dawo da jirgin Abuja da Kaduna a watan Disamba na 2022, bayan harin 28 ga Maris na shekarar, sai da lambar katin ɗan ƙasa ake yankarsa, kuma a ƙofar tasha ana duba suna da katin shaida. Ba a yankarsa wata da watanni gaba, sai ranar tafiya ta matso. Saboda haka duk wanda ya ce ya riƙe maka kujera ta hutun ƙarshen shekara tun yanzu, ko ya ce yana da tikiti ashirin a hannu yana rabawa, ƙarya yake yi.

Wurin da abin ya fi tayar mana da hankali shi ne takardun da suke karɓa. Bayan kafin alƙalami, sai su ce a turo hoton katin ɗan ƙasa na kowane matafiyi, da lambar wayar da ke haɗe da banki, wai don rajista. Can sai saƙo ya shigo wayarka da wasu lambobi, sai a kira ka da murya mai ladabi: "Alhaji, karanto mana lambobin nan mu kammala maka tikiti." Lambobin nan mabuɗin asusunka ne ko na WhatsApp ɗinka. Idan na asusu ne, za a kwashe abin da ke ciki. Idan na WhatsApp ne, da sunanka za a ci gaba da tallar a zauren danginku, kuma ƙanwarka da ta ga lambar yayanta ba za ta yi tambaya ba. Shi ya sa ko da tallar ta fito daga wanda ka sani, kira shi ka ji muryarsa tukuna.

Sauran alamomin a fili suke. Asusun da ake tura kuɗin na mutum ne, ba na kamfani ba, kuma sunan ba ya zama ɗaya da na mai magana. Ba su da ofishin da za ka taka ka gani. Rasit ɗin hoto ne da aka liƙa wa tambarin hukuma. Ka tambaye su ƙarfe nawa jirgin ke tashi a tashar Gusau, ka ji yadda za su kauce.

Mai son irin wannan tafiya da gaske, zango zango ake yin ta. A hau mota daga Gusau ta Tsafe da Funtuwa da Zariya zuwa Kaduna, da rana tsaka, kada a bari yamma ta yi a hanya. A kwana, sannan a yanki tikitin Rigasa zuwa Kubwa ko Idu da hannunka, a shafin hukumar ko a tasha. Kada a haɗa zango biyu a yini ɗaya, don jirgi yakan makara, wani lokaci a soke tashi gaba ɗaya. Masauki kuwa a biya bayan an ga ɗaki.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa a ranar, ya kai ƙorafi a rubuce, ya nemi a bi sawun asusun da kuɗin suka shiga. Ya adana rasit da hotunan hirar da lambobin wayarsu kafin su goge, ya kai rahoto wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na shiyyar Sakkwato. Idan ya karanta musu wata lamba, ya sa a rufe katinsa a canza lambar sirri kafin ya bar bankin.