Akwatin ƙwallayen kemistiri: inda ya yi mini rana da inda ya gaza

Ƙaramin akwatin roba ne mai murfi. A cikinsa akwai ƙwallaye masu launi daban-daban da aka huhhuda, da 'yan sanduna gajeru da dogaye da ake cusawa a hudojin. Ana samun irinsa a shagunan kayan gwaje-gwajen makaranta da kuma ta intanet, kuma galibinsu kusan ɗaya suke ko da sunan kamfani ya bambanta. Na saye shi ne saboda yaran da nake yi wa darasin kemistiri da yamma, 'yan aji huɗu da aji biyar na sakandare masu shirin WAEC da NECO, kuma mun yi zango guda muna aiki da shi. Ra'ayina tun daga farko shi ne, ya ƙware wajen nuna siffar molikul, amma ba ruwansa da elektiron, alhali elektiron ne ke haifar da siffar.

Launukan ba na ado ba ne. Baƙi kabon ne, fari haidirojin, ja oksijin, shuɗi naitirojin, kore kilorin, rawaya kuma farar wuta. Tsari ne da ake dangantawa da Robert Corey da Linus Pauling na Amurka, wanda Walter Koltun ya inganta daga baya, kuma shi yaro zai tarar a hotunan littattafai da na intanet. Wannan ya rage mini dogon bayani.

Inda kuɗina ya fita shi ne ranar metan, iskar gas mai kabon ɗaya da haidirojin huɗu. A allo, duk malami yakan rubuta kabon a tsakiya, haidirojin huɗu a sama da ƙasa da dama da hagu, sai yaro ya tafi gida da imanin cewa abin a shimfiɗe yake, kusurwa digiri 90. Ko ka ce masa 109.5 ce sau goma, haddacewa kawai zai yi. Amma ka miƙa masa baƙin ƙwallo mai huda huɗu ya cusa sanduna da hannunsa, duk yadda ya juya abin ba zai kwanta a kan tebur ba: ƙafa uku a ƙasa, ɗaya na kallon sama. Ba na ganin laifin yaran, don August Hofmann da kansa, lokacin da ya nuna irin waɗannan ƙwallaye a wata lacca a Landan a 1865, metan ɗinsa a shimfiɗe yake. Sai a 1874 ne van 't Hoff ɗan Holan da Le Bel ɗan Faransa, kowa ta hanyarsa, suka ce hannayen kabon huɗu kusurwoyin dala mai fuska huɗu suke fuskanta.

Akwai gwajin da nake so duk mai akwatin ya yi. A cire haidirojin biyu daga metan a sa kilorin biyu a gurbinsu. A takarda ana iya zana shi iri biyu, kilorin kusa da juna ko suna fuskantar juna, har yara su yi ta gardama cewa sinadarai biyu ne. Na sa yara biyu kowa ya haɗa nasa, suka jujjuya, suka ga abu ɗaya ne sak. Da kabon a shimfiɗe yake, da lallai an samu iri biyu, kuma iri ɗaya tal aka sani. Wannan hujja ce da yaro ya riƙe da hannunsa, ba wai malam ya faɗa ba.

Haka ma batun sinadarai masu kayan haɗi ɗaya amma tsari daban. Kabon biyu, haidirojin shida, oksijin ɗaya: wata yarinya ta sa jan ƙwallo a ƙarshe ta samu etanol, mai tafasa a digiri 78, wani yaro ya sa shi a tsakiyar baƙaƙen biyu ya samu wani sinadari dabam da yake iska ce a zafin ɗaki. Da biyuten na tukunyar gas kuwa, sun ga jerin kabon huɗu a karkace yake tafiya, kuma yana murɗawa a kan ɗauri guda, wato sanda ɗaya tsakanin ƙwallaye biyu, amma da aka sa sanduna biyu masu lanƙwasa don ɗauri biyu sai murɗawar ta tsaya cak.

Matsalar ta fito ne a kan ruwa. Jan ƙwallon huda biyu gare shi, an riga an karkata su tun daga kamfani. Yaro ya haɗa, ya samu siffa a tanƙware, na ce masa, “Me ya sa ya tanƙware?” Ya ce, “Malam, ai haka aka huda shi.” Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce amsar da za ta kayar da shi a jarrabawa. Ainihin dalilin yana cikin tsarin elektiron. Oksijin na da biyu a zagayen ciki, shida a na waje. Biyu daga shidan sun shiga ɗauri da haidirojin, irin rabon tagwayen elektiron da Gilbert Lewis ya bayyana a 1916. Sauran huɗun suna nan a matsayin tagwaye biyu da ba su shiga ɗauri ba, kuma sun fi masu ɗauri cin wuri da ture maƙwabta. Su ne ke matse kusurwar ruwa ta koma 104.5. Amoniya, wato naitirojin ɗaya da haidirojin uku, tagwaye ɗaya gare ta irin wannan, shi ya sa tata ta tsaya a wajen 107. Kabon na iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi ba shi da ko ɗaya, sai ta miƙe sambal, digiri 180. Wannan ƙa'idar turereniya, wadda Gillespie da Nyholm suka tsara a 1957, ita ce zuciyar darasin, kuma babu ko abu ɗaya a akwatin da ke wakiltarta. Ba ƙaramin rashi ba ne, don tanƙwarewar nan ce ta sa ruwa ke da gefe mai caji kaza da gefe mai kishiyarsa, har yake narkar da gishiri ya ƙi haɗuwa da kalanzir.

Shuɗin ƙwallon ne ya ɗan cece ni, don nawa huda huɗu gare shi. Uku na haidirojin, ta huɗun muka soka mata tsinken ashana da ƙullin takarda a kai, sai amoniya ta fito kamar tukunya a kan duwatsun murhu uku, tagwayen na bisa. Don ruwa kuwa, balan-balan na koma wa. Ka hura huɗu ka ƙulle bakinsu wuri ɗaya, da kansu za su ture juna su ɗauki siffar metan. A nan turereniyar ta gaske ce, ba hudar kamfani ba, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Ranar gishiri kada ma a buɗe akwatin. Yaro zai soka sanda tsakanin sodiyam da kilorin ya ce ga molikul ɗin gishiri, alhali babu wannan. Sodiyam mai tsarin elektiron 2, 8, 1 miƙa elektiron ɗinsa na waje yake yi ga kilorin mai 2, 8, 7, sannan su jeru bila adadin, kowane ɗaya shida na kewaye da shi, abin da ya sa sai digiri 801 gishiri ke narkewa. Batun s da p da d, wato ƙananan rukunan elektiron a cikin zagaye, da dalilin da ya sa fotasiyam ke cika 4s kafin 3d, shi ma sai allo da alli.

Ta fannin ƙarko, ƙwallayen ba sa fashewa, amma gajerun sandunan kan karye a cikin huda, kuma da suna sabbi taurinsu ya sa na kama yara suna cirewa da haƙori. Fararen ƙananan su ne ke saurin ɓata, sai an ƙirga kafin a tashi, kuma a nisanta su da yaro mai rarrafe. Takardar bayanin da ke ciki ba ta ƙare ni da komai ba.

Giɓin da ya bari na cike shi da manhajar PhET ta Jami'ar Colorado, wadda Carl Wieman ya assasa a 2002. Kyauta ce, tana buɗewa a waya, tana nuna tagwayen da ba su shiga ɗauri ba, kana ƙara su kana ganin kusurwa na canzawa. Sai dai abin da yaro ya murɗa da yatsunsa ya fi zama a kansa.

Ga makaranta mai cunkoson aji, akwati ɗaya a hannun malami ɓarnar kuɗi ce, na baya ba za su ga komai ba. A saya wa kowane rukunin yara huɗu ko biyar nasu. Ɗalibin jami'a kuma ya buɗe a gaban mai shago ya duba ko akwai ƙwallaye masu huda biyar da shida, don nawa babu su, kuma ba za a haɗa molikul masu ɗauri biyar ko shida irin su PCl5 ko SF6 ba sai da su.