Zaman rukuni ko zama da jagora kai kaɗai?

Matashin da karatu ya yanke masa, aiki kuma ya ƙi samuwa, hanya biyu gare shi ta neman jagora.

Zaman rukuni yana cire kunya. Ka ji wani ya faɗi yadda bakinsa ya mutu gaban masu ɗaukar aiki, ka ce ashe ba ni kaɗai ba ne. Sai dai mai kawaici kan tashi bai ce uffan ba.

Zama ku biyu kuwa, nan ake fasa ƙwai. Jagora zai duba takardar neman aikinka, ya nuna shekara 2 da ka bari fayau, ya ce me ya faru? Jinyar mahaifiya ce? To, a rubuta. Nan na fi karkata, ko da yake layin jira yakan yi tsawo.