'Yan League da 'yan Tekken, kukan wa ya fi kama hankali?

Wanda ya tambaya jiya cewa tsakanin masu buga gem ɗin bidiyo, 'yan League of Legends da 'yan Tekken, su wa suka fi ƙorafin wai wani karakta, wato jarumin da kake sarrafawa a cikin gem, ya fi ƙarfin sauran, kuma wa ke da gaskiya, to ɗan'uwa ga yadda nake ganin abin.

In dai yawan surutu ne 'yan League ba su da na biyu. Kamfanin Riot mai gem ɗin na sakin faci, wato gyaran da ake yi wa gem, kusan duk sati 2, karakta sun haura 160, to mutane sun gane in aka yi ta ihu ba mamaki a faci na gaba a rage wa wanda suka tsana ƙarfi, shi ya sa abin ya koma kamar kamfen ɗin siyasa, kowa na ja wa nasa. Kuma gem ne na mutum 5 da 5, in an lallasa ka ba ka ma san takamaimai me ya jawo ba, ko ɗan tim ɗinku ne ya yi ta mutuwa a banza, ko kai ne ba ka iya ba, amma ai ɗora wa karakta laifi ya fi sauƙi. Wani lokacin ma ba ƙarfi ba ne, haushi ne kawai. Yuumi da ta fito a 2019, magen nan da ke manne wa ɗan tim ɗinta ba a iya taɓa ta, ko lokacin da ba ta cin wasa sosai zaginta ake yi.

Amma inda nake tausaya musu shi ne maganar karakta irin su Ryze da Azir. A hannun ƙwararru masu gasa bala'i ne, sai Riot ta rage musu ƙarfi, kai kuma da ke buga rankin, wato wasan hawa matsayi, a ƙasa ka ɗauke su ka yi ta shan kashi. Wannan na cewa a rage, wancan na cewa a ƙara, kuma dukansu ba ƙarya suke ba, gem ɗaya ne amma ba wasa ɗaya suke bugawa ba. Ita kanta Riot a 2019 sai da ta fito ta ce tana duba ƙarfin karakta ne a matakai 4, daga gama-gari har masu gasa.

Tekken kuwa kai da shi ne, babu wanda za ka laƙa wa laifi. Ka zo da kuka abin da za a fara ce maka shi ne je ka yi atisaye malam, kowane duka yana da lissafin firem ɗinsa, wato tsawon lokacin da yake ɗauka, ka koyi inda ake rama shi. Saboda haka ni kukansu ya fi kama min hankali, don kafin ya yi ƙarfi an riga an tace na ragwaye. Duba Leroy Smith a Tekken 7, ya fito Disambar 2019, a gasar EVO Japan ta Janairun 2020 mutum 6 cikin 8 na ƙarshe shi suka ɗauka, kuma da kuɗi ake sayensa, to wa zai ce maka rashin iyawa ne? Dole Bandai Namco, kamfanin da ke yin Tekken, ta rage masa ƙarfi. Haka a 2025 da aka sako siza ta 2 ta Tekken 8, wato sabon zangon gyare-gyaren gem ɗin, wannan karon ba karakta ɗaya ba ne, kusan kowa aka ƙara wa hari aka raunana tsaro, har ƙwararru suka fusata, aka cika Steam, shagon sayar da gem a intanet, da mummunan sharhi sai da kamfanin ya yi facin gaggawa.

Kada ka manta kuma ɗan League yana da damar yin banin karakta ɗaya, wato hana a ɗauke shi, kafin a fara rankin, wanda ya tsana ba sai ya gan shi ba. Ɗan Tekken ba shi da wannan gatan, duk wanda aka haɗa shi da shi sai ya tsaya sun kara.