Miƙa gyara a duba, ko zama bibbiyu a gaban kwamfuta ɗaya?

Ɗan'uwa, ka ce ku biyar ne kuke aikin manhaja ɗaya, kowa yana tura kod ɗinsa (wato rubutun umarnin da ake gina manhajar da shi) kai tsaye, sai bayan an saki aiki kurakurai su yi ta ɓullowa. Kana tambaya ko ku koma tsarin da mutum zai miƙa gyaransa a GitHub, shafin da ake ajiye kod a yi aiki tare a kansa, wani ya duba kafin a haɗa, ko kuwa ku riƙa rubutawa bibbiyu tun daga farko. Dukkansu ido na biyu suke ba ka, amma ba lokaci ɗaya idon yake zuwa ba, kuma nan ne duk bambancin yake.

Tsarin duba bayan an gama ya daɗe. Tun a 1976 Michael Fagan na kamfanin IBM ya fitar da tsarin da ake zama taro a bi kod layi-layi. Abin da GitHub da GitLab suka yi shi ne sauƙaƙa wannan: ka miƙa gyara, abokin aikinka ya duba lokacin da ya samu sarari, ya bar maka tsokaci a gefen layin da ya ga matsala. Babban amfaninsa shi ne rubutu yana nan. Bayan shekara guda, wanda bai ma san ku ba zai buɗe ya ga dalilin da ya sa aka yi abu kaza. Kuma ba sai kuna farke lokaci ɗaya ba, shi ya sa manyan ayyukan da jama'a ke haɗa hannu daga ƙasashe daban-daban suke rayuwa da shi.

Sai dai yana da wata cuta da ba a cika faɗa wa sababbi ba: girman gyara. Ka miƙa layi 40, mai dubawa zai tsaya ya ce, "Idan mutum ya bar gurbin suna babu komai fa, me zai faru?" Ka miƙa masa layi 1,500 da yamma, sai ya gangara da linzami sau uku, ya rubuta "ya yi kyau", ya danna amincewa. Ba lalaci ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta gaji. Binciken da kamfanin SmartBear ya yi a Cisco a 2006 ya nuna cewa daga layi 200 zuwa 400 ne mutum yake iya dubawa da kyau a zama ɗaya, ya wuce nan kurakurai su fara zille masa. Cuta ta biyu jira ne. Gyara ya kwana uku ba wanda ya leƙa, mai shi ya fara wani aiki, in tsokaci ya zo sai ya sake tuno abin da yake nufi. Ka'idar da Google ta wallafa ga injiniyoyinta ta ce kada amsa ta wuce ranar aiki ɗaya.

Zama bibbiyu kuwa, ɗaya yana bugawa, ɗaya yana kallon inda aka dosa, su riƙa musanya. A nan ana tare kuskure tun yana baki, kafin ya sauka a kod. Ka ɗauka za ku sauya fasalin teburin ma'ajiyar bayanai. Idan mutum ya yi kwana biyu yana gini a kan tsari mara kyau, mai dubawa daga baya zai ji nauyin ce masa ya rushe, sai ya gyara sunayen abubuwa ya bar babbar matsalar. Wanda ke zaune a gefe tun minti na goma zai ce, "Tsaya, wannan ba zai ɗauke mu ba." Binciken Laurie Williams a kan ɗaliban Jami'ar Utah, wanda aka wallafa a 2000, ya ga ƙarin kusan kashi 15 cikin ɗari na lokacin aiki, da raguwar kurakurai kusan daidai da haka. Ɗalibai ne dai, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Kuma zama bibbiyu yana gajiyarwa, ba kowa ke iya tunani ana kallonsa ba, sannan duk hujjojin da aka kawo da baki iska ce ta tafi da su.

Da ni ne ku, miƙa gyara zan mayar doka: a kulle babban reshe, wato ainihin kod ɗin da ake haɗa gyaran kowa a cikinsa, ta yadda babu abin da zai shiga sai mutum ɗaya ya amince, a bar wa na'ura gwaji da zancen tazara da waƙafi don kada mutane su ɓata da juna a kan banza, a kuma yanka aiki ƙanana. Zama bibbiyu a ajiye shi ga wurare uku: sabon ma'aikaci, aikin da ya shafi kuɗi ko kalmar sirri, da duk gyaran da tsokaci ya yi ta kai da kawo a kansa ba a daidaita ba. In an yi zaman, a miƙa gyaran duk da haka, a rubuta layi biyu a kan abin da aka yanke da dalilinsa, sauran ukun su gani.