Ƙarfen finciko mai ƙafa uku da na saya don cire diskin birki: bolti biyu sun fi shi

Motata Corolla ce, okaziyon (wato ta hannu) daga Beljiyam, ta tashar jirgin ruwan Duwala ta shigo. A hanyar dawowa daga Ngaundere na fara jin matsalar. Ina gangarowa falez, wato doguwar gangarar dutsen da ke kan hanyar, duk taka birki sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna kamar mai masassara. Da na iso Garwa na cire taya na duba, diskin gaba ya cinye, gefensa ya yi tudu har farce yana maƙalewa. Na sayi sabbin diski biyu da faci, wato takalmin birkin da ke matse diski, na ce wannan karon a ƙofar gida zan yi aikin da kaina.

Mai shagon da ke kusa da babbar kasuwa ne ya lallaɓa ni na haɗa da wani ƙarfen finciko mai ƙafa uku, shi yana kiransa arash, sefa 8,000, da gwangwanin feshin tsatsa na 2,500. Ya ce da su ko yaro zai cire diski.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba na fara, don a Garwa in rana ta ɗaga cikin watan Afrilu ƙarfe ba ya taɓuwa. Na ɗaga mota da jak, na tokare ta da kututture, na kwance kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe faci, da sifana 14, gindinsa da 17, na rataye kalifan da waya a jikin sifirin don kada nauyinsa ya tsinke tiyon man birki. Ɓangaren hagu bai ba ni wahala ba, guduma biyu ya faɗo. Na dama kuwa ya ce bai san zancen ba.

Motocin da suka sha sanyin Turai sau da yawa haka suke. Can ana zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, gishirin ya shiga tsakanin diski da hob, wato ƙarfen da diski da taya ke zama a kai, tsatsa ta haɗe su kamar an yi walda. Ga kuma taɓon daminarmu da ya ƙara a kai.

Na ɗauko arash. A nan na gane kuɗina sun tafi. Ƙafafunsa gajeru ne, da ƙyar suka kama bakin diskin, kuma bayan diskin akwai wani siririn gwangwani mai kare shi daga ƙura wanda ya hana ƙafa ɗaya shiga da kyau. Na fara murɗa sandar tsakiya, tana ƙara tauri, sai ƙafa ɗaya ta zame ta daki bayan hannuna, fata ta saluɓe. Na sake ɗaurawa. A karo na uku ƙafar ta miƙe gaba ɗaya, ƙarfen nata laushi gare shi kamar cokali. Diski ko gezau.

Feshin tsatsar dai ba zan zage shi ba, amma ba ya son mai gaggawa. Na fesa a zagayen hob da gindin kowane ingarman bolti na taya, na ga ruwan yana fitowa ja. In ka fesa ka hau duka nan take, ɓarnar kuɗi ka yi. Sai ya samu kamar rabin awa yana ratsawa. Kuma a kiyaye kada ya taɓa sabon faci ko fuskar sabon diski, mai ne, birki zai riƙa santsi.

Ina zaune ina ɗaure hannu da tsumma sai ga maƙwabcina, dattijo ne da ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Garwa da Kusiri. Ya tsaya ya kalli arash a ƙasa, ya kalle ni.

"Ɗana, wa ya haɗa ka da wannan?"

"Baba, mai shago ne ya ce shi ne maganinsa."

Ya tsuguna, ya goge fuskar diskin da babban yatsa, ya nuna mini wasu ƙananan ramuka biyu a tsakanin boltin taya. Wallahi tun safe ina kallonsu, na ɗauka ado ne. Ashe masu zare ne, don wannan aikin aka yi su. Ya aiki ɗana ya ɗauko masa wani gwangwanin madara cike da tsofaffin bolti, ya tona ya fito da guda biyu masu lamba M8. Ya sa na mayar da notin taya biyu sako-sako don kada diski ya yi tsalle ya faɗo mini a ƙafa. Sannan ya ce in riƙa ɗaure boltin bi da bi, wannan rabin juyi, wancan rabin juyi. Suna shiga suna tokarar hob ta ciki. Shi kuma yana ɗan ƙwanƙwasa tsakiyar diskin da guduma, yana kaucewa boltin taya don kada zarensu ya lalace.

Ban kai juyi shida ba muka ji ƙas! Garin tsatsa ya zubo, diski ya saki.

Kafin in sa sabo ya sa na kankare fuskar hob da buroshin ƙarfe har ta yi haske, na shafa giris kaɗan, shafa kawai. Ya ce in an bar ɓawon tsatsa a nan sabon diski ba zai zauna daidai ba, karkarwar nan za ta dawo, ka zagi mai shago a banza. Da na gama ɗaurawa na taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin in motsa motar, don bayan canza faci takun farko ƙasa yake tafiya.

Feshin zan sake saya. Arash ɗin, wataƙila yana da amfani wajen cire ƙaramin boris ko fuli, amma irin wannan mai arha bai isa ya ja diskin mota ba, kuma mai shagon ya ƙi karɓa tunda ƙafa ta miƙe. Yanzu uwargida ce ke danne murfin randa da shi. Boltin biyu suna akwatin gaban mota cikin tsumma, Baba ya aiko sau biyu a mayar masa, na ce ya yi haƙuri sai na samo nawa.