Solar da muka sa a firamarenmu, ga yadda ta kasance

Malamai da yawa na ta tambayata kan solar makarantarmu, to bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya huta. Firamare ce ta al'umma a bayan garin Kano, aji 6 da ofis ɗaya, ni ke riƙe da aji 5 kuma ni aka ɗora wa kula da kayan wutar don wai na fi kowa surutu a mitin.

Da janareta muke lallaɓawa lokacin jarrabawa, saboda firinta kawai. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta wuce 1,000, sai janaretan ya koma kayan ado a sito. Iyayen yara suka yi karo-karo, wani bawan Allah ya cika sauran, a dogon hutun 2024 muka kira masu wani shago a Sabon Gari.

Abin da ya sa na yarda da injiniyan tun ranar farko shi ne bai cusa mana kaya ba. Shago biyu da muka fara zuwa duk batir suke ta lissafa mana, tubula huɗu, tubula takwas, kamar otal za mu buɗe. Shi kuwa tambaya ya yi, ƙarfe nawa kuke tashi? Muka ce kafin 2 an watse. Ya ce to ku da rana kuke aiki, ku zuba kuɗinku a fanel, batir ƙarami ya ishe ku. Haka aka yi, fanel 4 masu wat 550, inbata 3.5kVA, da batirin lithium ɗaya mai 2.5kWh, wanda ba ruwanka da zuba masa ruwa kamar tubula. Ya kuma matsa sai da muka canza fankokinmu, tsofaffin kowace tana jan wajen wat 75, sababbin nan masu rimot kusan 30. Fanka 13 ne, ku yi lissafin da kanku. Hedimasta ya ɗan yi ƙunƙuni a kan kuɗin fankar amma yanzu shi ke ba wasu labari.

Farashi kam ba zan rubuta ba don da dala yake tafiya, na wannan satin daban na satin gaba daban, sai dai sun yarda mun biya sau uku.

A watan Oktoban 2024 da Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, mu ko a jikinmu, sai ma ofis ya koma wajen cajin wayar unguwa har sai da muka sa doka. Amma inda na ga amfaninta sosai bazara ce. Wanda bai taɓa tsayawa gaban yara a ajin kwano ba sili a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40 ba, wallahi ba zai gane ba, da zarar an dawo daga tara rabin aji gyangyaɗi suke kana magana suna fifita da littafi, yanzu kuwa har darasin ƙarshe ana ɗaga hannu.

To sai inda suka ɓata min rai. Wayar da suka ja daga fanel zuwa inbata siririya ce, tana ɗumi da tsakar rana, kuma ba su binne ƙarfen kariya daga tsawa ba sai da wani mahaifin yaro mai aikin wayarin ya gani ya yi magana. Na kira ya fi sau goma, kullum "Malam gobe in sha Allah yaro zai zo", goben nan ta ci sati uku. Da suka zo dai sun canza ba su karɓi ko sisi ba, wannan kam na yaba.

Sannan ba wanda ya gaya mana zancen hunturu. Ƙura ta lulluɓe fanel, ga hazo, batir ya daina cika muka ɗauka ya lalace, ashe wanki kawai suke so. Yanzu duk Litinin da Alhamis da sassafe kafin gilashin ya yi zafi Baba maigadi yake hawa da bokiti da tsumma, ban yarda yara su hau ba. Shi ma Baban sai da muka yi ta fama da shi kan hitar shayi da dare, ita ke shanye batirin kafin asuba. Sumon bohol ɗinmu doki 1 ne amma wajen tashi yana fizgar wuta ninki uku ko fiye, in fankoki na kunne sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke, shi ya sa sai an tashi muke cika tanki.

In za ku sa, ku sa a rubuta kaurin waya da kariyar tsawa a takardar ciniki kafin ku ba da kafin alƙalami, ku kuma yi wa fanel kejin ƙarfe da walda saboda masu ɗan hali. Kayan da shawarar na ba su 4 cikin 5, ɗaga waya kuwa 2 ma don Baba ya sa baki ne.