Injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 36: ya yi mani aiki a kan zabi, amma ƙwan kunkuru sai da na cire mashi hanji

Damina uku ke nan injin nan yana hannuna, don haka ina ganin yanzu zan iya faɗin gaskiya a kanshi ba wai zumuɗin sabon abu ba. Irin ƙaramin nan ne na roba ɗan Chana, murfinshi garai kana hango ƙwai daga sama, yana cin ƙwan kaza 36, yana aiki da wutar gida kuma yana da waya ta biyu da ake maƙala wa batir mai bolt 12. Ciki akwai 'yar fanka, da wayar da ke ba da zafi, da wasu sanduna da ƙwai ke kwanciya a kai, su ne ke mirgina ƙwan da kansu duk bayan awa biyu. A wani shagon kayan kiwon kaji na saye shi nan cikin garin Katsina ta wajen Ƙofar Ƙaura. Kuɗin kam ba zan faɗa ba don farashin ya tashi tun lokacin, kar wani ya je ya yi ta musu da mai shago da sunana.

Ni ba don kaji na saye shi ba, don kunkuru ne, kuma nan ne labarin yake.

Kunkurun ruwa uku gare ni a bayan gida, irin baƙi-baƙin nan na kududdufi da in ya ji tsoro ba ya jan wuya ciki kai tsaye, sai ya lanƙwasa shi gefe ya ɓoye kai ƙarƙashin ƙoƙo. Wani masunci ne a wajen dam ɗin Ajiwa suka faɗa mashi koma, autana ya gani ya kafe da kuka sai an sayo. Muka zo da su, na sa magini ya yi mani kwami da bulo da siminti, tsawon taku huɗu faɗi uku, zurfi iya gwiwa, da gangara a gefe ɗaya don su riƙa fitowa shan hantsi, sai na zuba tulin yashi haɗe da jar ƙasa a ƙarshen gangarar. Hajiyarmu da ta zo ta gani cewa ta yi "kai dai ba ka rabo da neman magana, mutane na kiwon tarwaɗa su sayar kai kana kiwon abin da ko miya ba ya yi". Maƙwabta kuma wasu sun ɗauka wani asiri ne na tsarin gida. Wallahi ba komai, sha'awa ce kawai. Suna cin tana da fara da dodon koɗi da talibambam da guntun kifi, abincin tarwaɗa na buhu ma ba su ƙi, in damina ta faɗi gina ta fito kuwa ranar sallarsu ce.

Bara waccan cikin watan Yuli, an yi ruwa mai ƙarfi da la'asar, bayan isha'i na fita da tocila sai na tarar da babbar macen a kan tulin yashin nan tana haƙa da ƙafafun baya. Ta saki ruwa daga jikinta ta jiƙa wurin ya yi laushi, ta sa ƙafar dama ta kwaso ƙasa ta ajiye, ta sa ta hagu, a haka a haka ba ta ko waiwaya, kusan awa biyu ina tsugune sauro na cina. Ƙwai 14 ta zuba, dogaye farare masu yauƙi, ɓawonsu ba tauri kamar na kaza ba, in ka taɓa yana ɗan lotsawa kamar fata. Ta rufe ta daddanna da cikinta ta koma ruwa kamar ba ita ba. Kunkuru ba ta kwanci, daga nan ta gama nata.

Tsorona shi ne akwai damo da ke shigowa ta kangon da ke bayanmu, ga ɓeraye ga cinnaka. Kwana huɗu ina tunani sannan na tahi shagon. Na ce ma yaron shagon ƙwan kunkuru zan sa, zai yi? Ko ɗar bai yi ba ya ce "Alhaji ai wannan ba ƙwan da ba ya fasawa, kaza, zabo, agwagwa, talotalo, salwa, har jimina in ta shiga, kai dai ka zuba ruwa ka kunna ka bar shi yadda yake". Yadda yake ɗin nan shi ne digiri 37.8, zafin ƙwan kaza. Takardar da ke cikin kwalin kuma rabinta rubutun Chana ne rabi wani irin Turanci da ko malamin Turanci sai ya yi gumi, ba inda aka ambaci kunkuru.

Na dawo na tone ramin, na wanke ƙwan tas da ruwa don sun yi ƙasa, na jera a kan sandunan na kunna. Kuskure uku a zama ɗaya, rashin sani ai shi ya sa kaza ta kwana kan dami. Sati bai cika ba suka fara motsewa, sati biyu ɗakin ya ɗau wari, 14 ɗin nan kaf suka zama baragurbi, uwargida ta ce ko injin ko ita.

Sai daga baya wani abokina da ya karanci ilimin dabbobi ya zaunar da ni. Ƙwan kaza yana da wasu zaruruwa farare guda biyu da ke riƙe gwaiduwa a tsakiya, duk wadda ta taɓa fasa ƙwai ta gansu, shi ya sa kaza ke juya ƙwanta kullum ba abin da ke faruwa, juyin ma dole ne. Ƙwan kunkuru ba shi da su. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu da haihuwa ɗan tayin yake hawowa ya manne a saman ɓawo daga ciki, gwaiduwa ta kwanta ƙasa, to daga nan in ka kifa ƙwan gwaiduwar ce za ta danne shi ko ya ɓalle daga inda ya manne, shi ke nan. Ni kuwa na ɗora su a kan abin da ke mirgina su sau 12 a rana. Ga zafi, ƙwan kunkurun ruwa wajen digiri 28 zuwa 30 yake so, 37.8 dafa shi ne a hankali. Ga kuma iska, ƙwan da Allah ya yi shi don ya kwanta cikin ƙasa mai laima na bar shi tsirara fanka na busa shi.

Na koma shagon ba don faɗa ba, na ce ma mai shagon kanshi, dattijo ne, "Baba yaronka ya sa na yi asara". Ya ba da haƙuri sosai, ya ce shi tunda yake sai da injin ba wanda ya taɓa zuwa mashi da zancen kunkuru, kuma ya nuna mani inda ake zare wayar motar juyin daga ciki da yadda ake danna maɓallin saiti a sauke zafi. Wannan na yaba mashi. Amma da yaron ya ce ban sani ba tun farko da ya fi.

Bara da ta sake zubawa, 17 wannan karon, ga yadda na yi. Washegari da sassafe na tone da cokali da yatsa a hankali, kowane ƙwai kafin in ɗaga shi sai na ɗiga mashi alama da fensir a sama, fensir fa ba biro ko maka ba, na ɗauke shi yadda yake kwance ban karkata ba ban wanke ba. Na samu robar abinci mai murfi na huda ƙananan ramuka, na zuba yashin rafi da na wanke na shanya sannan na yayyafa ruwa, daidai yadda in ka dunƙula zai kama amma ba ya ɗiga. Na binne kowane rabi, alamar na kallon sama, tsakaninsu faɗin yatsa. Na cire sandunan juyin gaba ɗaya na zare wayar motar, na sa robar ciki, zafi 29.

A nan ne na san halin injin na gaskiya. Abu na farko, dumama kawai yake yi, ba ya sanyayawa. In ɗakinka ya kai 33 to cikin injin ma 33 ne ko fiye, lambar da ka saita ado ce. Cikin Agusta da sauƙi don gari na lumshe, amma ranakun da aka kwana biyu ba ruwa ɗakin kwano ya ɗau zafi sai ya fara ƙara, ƙiii ƙiii ba tsayawa, har sai da na mai da shi ɗakin ƙasa na tsohon gini na ajiye kusa da randa sannan aka zauna lafiya. Wanda ke tunanin yin wannan a watan Afrilu da Katsina ke haura 40 ya ma manta. Na biyu, ma'aunin zafin nashi ba daidai yake ba, na sayo wani na daban a kemis na cusa cikin yashin, kullum yana nuna kusan digiri ɗaya sama da abin da injin ke faɗa. Ga kaza wataƙila a sha, ga kunkuru kuwa ba ƙaramin abu ba ne, don a yawancin jinsinsu zafin da ƙwai ya kwanta a ciki ne ke yanke namiji zai fito ko mace. Lambar laima kuma kar ma ka kalle ta, yau 55 gobe 90 ba abin da ya canza, ni da yatsa nake taɓa yashin duk kwana uku in ya bushe in ɗiga ruwa a gefen robar ba a kan ƙwan ba.

Inda ya burge ni shi ne wajen batir. In an ɗauke wuta da kanshi yake komawa kan batir ba ka taɓa komai ba, kuma tunda 29 bai da nisa da zafin ɗaki kusan ba ya shan caji, ƙaramin batir da falan sola ɗaya sun riƙe shi har ƙarshe. Murfin kuma yana rufuwa ruf, ɓera bai samu hanya ba, ƙafafun tebur ɗin na tsoma cikin gwangwanaye da ruwa saboda cinnaka.

Cikin satin farko 13 suka yi wani farin tabo kamar alli a sama, ya yi ta faɗi har ya zagaye ƙwan, alamar akwai rai ke nan. Huɗu ba su yi ba, biyu suka yi fumfuna na cire. Sati na uku na haska tocilar waya a gefen ɗaya da dare ba tare da na ɗaga shi ba, sai ga jajayen jijiyoyi kamar saiwa. Daga nan sai jira, kuma mai kiwon kaji da ya saba da kwana 21 haƙurinshi zai ƙare, mu sai kwana na 66 muka ga na farko ya tsaga ɓawo da wani ɗan tsini fari a kan hancinshi. Bai fito ba fa, kwana biyu ya yi zaune ciki da kai waje yana kallonmu, autana na ta cewa "Baba a taimaka mashi mana", na ce kul. Da ya fito bai fi tsohuwar kwabo ba, da sauran gwaiduwa a cibiya kamar ƙwayar wake, sai da ta shige cikin kwana huɗu sannan na sa shi cikin baho da ruwa iya rufe bayanshi. 11 suka fito cikin kwana tara. Ba a haɗa su da manya a kwami, cinye su za su yi, shirwa da hankaka ma ba su bari.

Da rani kuma na mai da sandunan na sa ƙwan kaza na gida, sannan farkon damina na zabi, nan kam ba ni da ƙorafi, aikin da aka yi shi dominshi ke nan. Zabi kwana 27 suka fara fasawa, mafi yawa sun fito.

To wa zai saya? Mai kaji da zabi na gida ya saya, in maki biyar ne na ba shi huɗu. Mai kunkuru kuwa biyu da rabi, kuma sai in ramin na cikin haɗari, wato inda ruwa ke kwanciya ko damo ya gane hanya. Bana da ta zuba ban taɓa ramin ba sam, ragar waya na kifa a kai na danne gefen da bulo na bar ƙasar damina ta yi aikinta, tara suka fito ba wuta ba batir ba ƙara. Kuma dan Allah masu ajiye babban kunkurun tudu mai ruwan ƙasa, wanda ke haƙa rami, kar ku ga nawa ku jefa shi kwami, ba ya iyo, nutsewa zai yi, ƙwanshi ma daban ne, kewayayye mai tauri kuma ya fi daɗewa. Sannan duk wanda ya taɓa kunkuru ko ruwan kwamin ya wanke hannu da sabulu, suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi ko da lafiyarsu ƙalau, saboda yara na sa su a baki ne ma Amurka ta hana sai da ƙananan da ba su kai inci 4 ba tun 1975. Robar da na yi aiki da ita ma ban bari ta koma kicin ba.

'Ya'yan na bara biyu na riƙe, sauran tara muka kai su can wajen da aka kamo iyayensu tun ruwa bai ja baya ba. Injin yanzu haka ƙwan agwagwa ne ciki na uwargida, ita da ta ce ko shi ko ita.